Cokali Takwas na Gishiri

Baba ba ya karyawa sai kifinsa ya karya. Tun yana da lafiya haka yake. Da safe zai ɗebo katantanwa biyu daga kwalbar da yake kiwonsu a bakin taga, ya jefa cikin tankin gilashi, ya tsaya har sai ya ji ƙas, alamar an fasa ɓawon, sannan ya zauna ya sha shayinsa. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ya tafi da maganarsa da hannunsa na dama, amma ya bar masa wannan ɗabi'ar daram. Dole muka maida gadonsa ɗakin da tankin yake, muka daidaita matashin yadda idonsa zai riƙa kai wa gilashin. In ka kawo masa cokali kafin kifin ya ci, sai ya datse haƙora ya kalle ka.

Kifin talibamban ne, mai kumburar nan, irin na ado, bai fi tafin hannu ba. Baba ya yanke hukuncin cewa mace ce, ba tare da wata hujja ba, ya sa mata suna Sufeto, don duk wanda ya shigo ɗakin sai ta taso jikin gilashi ta ƙare masa kallo daga hula har takalmi. Bayanta kore ne shar da ɗigo-ɗigon baƙi, goshinta da wani tabo rawaya mai sheƙi, tumbinta fari fat. Idanunta kowanne da ikon kansa. Tana iya kallonka da ɗaya, ɗayan yana kan ƙofa, abin da ban taɓa sabawa da shi ba.

Irinta ba ta zama a ruwan daɗi, sai ruwan zartsi, mai ɗan gishiri-gishiri. Baba mai gyaran agogo ne, komai nasa da ma'auni. A gefen tankin ya manna wani kati da ƙananan rubutunsa: bokiti ɗaya, cokali takwas na gishirin tanki, a dama ya narke. Ni kuma tela ce, na gaji wannan halin sak. In an ce mini takwas, takwas zan sa, ko da hannuna zai karye.

Wata na farko ƙanena Auta ne ke kula da tankin. Direban babbar mota ne, gemu har ƙirji, amma har gobe in ya wanke kofi sai ka sake wankewa. Wata rana na shigo na tarar da shi yana tuttula ruwa zalla daga wani bokiti da ya kwana a tsakar gida, don ruwan tankin ya ja baya.

Na ce, "Kai Auta, ina gishirin?"

Ya ce, "Wane gishiri kuma, Yaya? Miya nake yi?"

Na nuna masa katin, na karanta masa kamar ɗan aji ɗaya, na gaya masa in ya kashe wa Baba kifi sai ya nemi gidan da zai koma. Ya miƙo mini bokitin yana dariya, ya ce ga mulki nan ya sauka. Daga ranar aikin ya dawo hannuna, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na cire murfin tankin gaba ɗaya don ƙararsa tana hana Baba barci. Ɗakin da zafi, fanka ba ta hutawa, ruwan yana ja da sauri. Duk kwana biyu nakan cika gurbin da rabin bokiti, cokali huɗu cif, ina share kan cokalin da wuƙa don kada ya ɗara.

Duk sanda na ɗaga bokitin, Baba yakan yi wani gurnani daga maƙogwaro, hannunsa na hagu yana bugun katifa. Umma ta ce godiya yake yi mini. Da yake gurnanin nan shi ne kaɗai abin da ya rage masa, da shi yake neman ruwa, da shi yake ƙin magani, sai na yarda. Har amsawa nake, ina cewa, "Ba komai Baba, ai aikina ne."

Wata uku muka yi a haka. Abin ya fara ne daga tumbinta. Wani layi mai launin toka ya fito a gefen farin, siriri, na ɗauka inuwa ce. Bayan mako guda layin ya cinye rabin tumbin. Koren bayanta ya dushe ya koma kalar tsohon kaki, tabon goshin ya ɓace. Abin da ya fara tayar mini da tsikar jiki shi ne, tokar nan ba ta zama iri ɗaya duk yini. In Umma ce a ɗakin, toka-toka ce. In Auta ne, haka. Amma da na sako ƙafa, kafin in kai tsakiyar ɗaki, sai in ga baƙin yana hawowa daga wutsiya zuwa haɓa, a gaban idona, har ta zama baƙa ƙirin. Sai ta juyo ido ɗaya ta kafa mini. In na waiwaya gadon, idon Baba na hagu, mai lafiyar, shi ma yana kaina.

Na gwada shigowa ba bokiti. Na gwada sauya kaya. Har na taɓa laɓewa a bayan labule ina leƙe, mace da shekaruna, don in ga ko kifi zai gane ni. Ta gane.

Wani farin abu kuma ya fara bin bakin tankin, busasshe, yana hawa wayar famfon iska, yana yaɗuwa a bango. In na goge da safe, kafin jibi ya dawo, ya ƙara taku. Ya kai har ƙarfen gadon Baba. Rannan ina shafa masa mai a leɓe na ga nasa leɓunan sun bushe sun yi fari-fari, sai na aje kwalbar man na fita tsakar gida na tsaya a rana na ɗan lokaci.

Daga nan Sufeto ta daina ci. Na jefa katantanwa, ta bi ta da ido har ta sauka ƙasa, ba ta motsa ba. Katantanwar ma ba ta yi tafiya ba, ta shige ɓawonta, da rana na tsamo ta matacciya. Sufeto ta koma kusurwa ta kwanta a kan yashi, ta naɗe wutsiya zuwa gefe guda. Baba yana kwance a gefensa, gwiwoyi a naɗe. Na kawo madara, ya datse baki. Na kawo ayaba da na markaɗa, ya datse baki. Umma ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka, duk a zama ɗaya.

Da rana tsaka, lokacin da unguwa take yin tsit, nakan zauna a ɗakin da ɗinkin hannu. A lokacin nake jin wata ƙara, ƙir ƙir ƙir, a hankali. Talibamban yana da haƙora huɗu manne kamar bakin aku, kuma yakan goga su. Na tashi na kai kunne jikin gilashi, ƙarar ta tsaya. Na koma kujera, ta ci gaba, amma yanzu daga gadon take fitowa.

Umma ta ce da ni a kicin, murya ƙasa-ƙasa, "Ke ba ki gani ba? Tare suke tafiya."

Na ce, "Haba Umma, kifi ne fa."

Ta ce, "To ki gaya masa."

Kwana huɗu ba abin da ya shiga cikinsa sai ɗan ruwan da muke ɗiga masa ta gefen baki, shi ma rabi yana dawowa. Likitar da ke zuwa duba shi gida ta ja fatar hannunsa, fatar ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Ta kira ni waje ta ce ranar Laraba a kai shi gwajin jini, in ya kai Juma'a bai ci ba za a kwantar da shi a asibiti a zura masa roba ta hanci. Na san Baba. Mutumin da ko tabarau ba ya yarda wani ya gyara masa a fuska. In aka raba shi da ɗakin nan aka sa masa roba, ba zai dawo ba, kuma tsoro ya kama ni sosai.

Washegari na ɗebi ruwan tankin a kwalba na tafi shagon kifin ado da Baba ke zuwa. Shago ne siriri a bayan masu sayar da tayoyi, ba taga, sai hasken tankuna da ƙarar kumfa. Mai shagon wani dattijo ne da farar yana ta rufe masa ido ɗaya, yana zaune yana cin gyaɗa. Na faɗi wace ce ni, ya tambayi jikin Baba, na zayyana masa komai. Ya juye ruwan cikin wani dogon gilashi, ya saka ma'aunin gishiri, wani abu kamar ma'aunin zafin jiki mai yawo a ruwa. Abin ya yi tsalle ya taso sama. Ya danna shi, ya sake tasowa. Sai ya tsoma yatsa ya ɗanɗana, ya tofar.

Ya ce, "Baiwar Allah, wannan ai ya fi teku. Wa ke zuba mata ruwa?"

Na ce ni ce, kuma ban taɓa kuskure ba, cokali takwas a bokiti kamar yadda Baba ya rubuta.

Ya ce, "In kin kwashe tsohon ruwa kin zubar, kina nufin."

Na ce ban taɓa kwashewa ba, ruwan tas yake. In ya ja baya ne nake cikawa.

Ya daina tauna gyaɗar. Ya ce, "In tukunya ta ƙone ruwanta ya tafi, gishirin yana bin sa?"

Na girgiza kai.

Ya ce, "Ruwa ne ke tashi, gishirin yana nan zaune. Katin nan na ranar canjin ruwa ne, ki kwashe bokiti, ki maida bokiti. Abin da iska ta sha kuwa, ruwa zalla ake mayarwa. Wata nawa kina yi?"

Na ce uku. Na tuna Auta da bokitinsa, na tuna yadda na karanta masa katin. Na tuna hannun Baba yana bugun katifa, da ni ina cewa ba komai, aikina ne. Sau arba'in da wani abu na tsaya a gabansa na yi wannan, yana kallo, ba bakin hanawa. Kunya ta rufe ni har na dafa wani tanki.

Na ce yanzu zan koma in juye ruwan duka in sa mai kyau. Ya ɗaga hannu. Ya ce in na yi haka kafin magariba za ta mutu, don jikinta ya saba da wancan a hankali, a hankali kuma za a sauko da ita. Kaɗan yau, kaɗan gobe. Mako biyu, in an yi sa'a, kafin ta waiwayi abinci.

Na ce, "Malam, kwana uku gare ni."

Ya ce, "Ita ba ta san da wannan ba."

A nan idona ya faɗa kan wani tanki a bayansa. Talibamban ne a ciki, girmansu ɗaya da tamu, kore shar, tumbi fari fat, tana sintiri tana neman abin da za ta ci. Dattijon ya bi idona, ya girgiza kai. Ya ce, "Ba yadi ba ne fa, da za ki samo irinsa ki jona." Na ce ya bar ni da wannan, shi dai ya sayar mini da ita. Na yi ta magiya har ya gaji ya ce in dawo gobe da bokiti mai murfi, kuma in zan ɗauki tsohuwar, in kamfato ta da kofi a cikin ruwa, kada in bari ta shaƙi iska ta kumbura, don wani lokacin ba sa iya sacewa.

Ranar Laraba Auta ya ɗauki Baba a mota, Umma ta bi su. Na samu awa uku, na fara rugawa shago na karɓo sabuwar. Na sa kofi a tankin, Sufeto ba ta ko gudu ba. Ta shiga da kanta, baƙa ƙirin, ido ɗaya a kaina. Na sa ta a bokiti da ruwanta, na kai sito, na tura bayan buhuna, na ja ƙofa. Na kwashe tankin tas, na wanke farin da ya bi bango, na dama sabon ruwa, na saki baƙuwar. Kafin su dawo har na share ƙasa na sauya zanin gado.

Aka kwantar da Baba, aka gyara masa matashi. Umma ce ta fara gani, ta dafe ƙirji ta ce, "Ikon Allah, ta warke!" Auta ya dube ni, na kau da kai. Na ɗauko katantanwar da mai shago ya ba ni na jefa. Baƙuwar ta yi kanta tun kafin ta kai ƙasa. Ƙas. Ƙarar ta cika ɗakin, Umma tana ta hamdala, ta miƙo mini kofin madara.

Baba ya daɗe yana kallon tankin. Baƙuwar ta taso jikin gilashi, ta kalle shi, ta wuce. Na kai cokali bakinsa. Bai datse haƙora ba, bai yi gurnani ba. Sai ya fara juya kansa, a hankali, wuyan yana rawa, ya bar tankin, ya bar ni, ya bar ƙofa, har fuskarsa ta fuskanci bangon da ke gefen gadon. Idonsa ya sauka ƙasa, wajen da bango ya haɗu da daɓe, ya tsaya a wani wuri da ba komai sai fenti.

Sito ne a bayan wannan bangon. Bulo ne mai kauri, ba taga, ba rami. Ban sa famfon iska a bokitin ba, ba abin da zai yi ƙara. Na auna da ido, irin awon da nake yi wa kafaɗar mutum, daga kusurwa zuwa inda yake kallo. Daidai inda na tura bokitin ne.

Umma ta ce, "Me yake kallo?"

Aka yi shiru. A cikin shirun na ji ƙir ƙir ƙir, kuma na duba bakin Baba, a sake yake, ba ya motsi.

Na aje kofin na fita. Na janye buhunan, na ɗauko bokitin, na shigo da shi, na aje a gefen gado ta wajen hannunsa mai lafiya. Umma ta leƙa ta ja da baya. Na durƙusa. Na ce, "Baba, ga ta nan. Ni ce na yi mata haka. Gishiri na yi ta tara mata, kana hana ni ban gane ba. Waccan ta shago ce, na so in yaudare ka ne. Ka yafe mini."

Bai kalle ni ba. Hannunsa ya zamo daga katifa ya faɗa cikin bokitin har wuyan hannu. Auta ya yunƙura zai cire, don haƙoran nan suna iya gutsure yatsa, na riƙe masa riga. Sufeto ta warware wutsiyarta, karo na farko a mako guda. Ta taso a karkace, ta zo ta jingina da tafin hannunsa ta tsaya. Muna kallo wani ɗan fari ya buɗe a ƙarƙashin haɓarta, bai fi ƙwayar shinkafa ba.

Ya zaro hannun, ya kai yatsa bakinsa. Abin da ya fara shiga bakin mahaifina da yardarsa cikin kwana shida, ruwan da na dama ne. Fuskarsa ta yamutse, ɓarin da ke motsi. Sannan ya dube ni, kuma da ya iya zagi da ya fi mini sauƙi.

Ya miƙa hannu wajen teburin gefen gado, inda kofin ruwan shansa yake. Na ɗauka sha zai yi, na yi sauri zan tallafa, ya ture ni da gwiwar hannu. Ya jawo kofin yana ɓari, ya kawo bakin bokitin, ya karkata. Ruwan ya zuba siriri. Da ya kai rabi ya tsayar, ya jira, yana kallon kifin. Sauran rabin ya kai bakinsa ya shanye, yana zuba ta gefe, Umma tana tare masa da mayafinta tana kuka.

Da la'asar ya karɓi madara cokali uku, ya rufe baki a na huɗu. Ranar Juma'a likita ta ja fatar hannunsa, ta ce a ƙara masa kwana biyu a gani. Haka muka yi ta tafiya. Auta ya maida baƙuwar shago, na sake dama tankin daidai da ruwan bokitin da ma'aunin da dattijon ya ara mini, na maida Sufeto ciki, muna saukowa kaɗan-kaɗan. Farin yana ƙaruwa a tumbinta, cokulan Baba suna ƙaruwa. A rana ta goma sha biyu ta fasa katantanwa, shi kuma ya cinye ayaba guda ya nemi ƙari. Ba a sa robar ba.

Da na je mayar da ma'aunin, na tambayi dattijon, kamar da wasa, shekara nawa irinta ke yi. Ya ce wadda ta kai sha biyar ta yi nisan kwana. Ya ɗan yi lissafi da yatsu, ya ce shi ya sayar wa Baba ita tana kamar ɗan yatsa, shekarar da ya buɗe shagon nan, bana sha huɗu ke nan.

Ban gaya wa Umma ba, ban gaya wa Auta ba. Kullum da safe ni ke fara shiga ɗakin. Nakan tsaya a bakin ƙofa da tire a hannu, gadon yana hagu, tankin yana dama, kuma ban taɓa iya duban gadon ba sai na fara ganin launin tumbinta.